Abin da Na Gani a Hannun Injiniya Buraima

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Buraima Lado a nan Riyad. Washegari bayan La'asar muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa. Ni Abdou, mai koyar da yara Alƙur'ani a unguwar Jaradiya, ni na yi masa wanka, kamar yadda na saba yi wa 'yan'uwanmu da ajali ya riska a ƙasar nan.

Buraima, ka sha wahala kafin na gane aikinka. Wani tsohon maganaɗisu ne, girmansa ya fi motar haya, wanda wata cibiyar bincike a bayan gari ta sayo, kamfaninku ya karɓi gyaransa da gwajinsa. Masu binciken abin da ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta ne za su yi aiki da shi. Ka ce wayar cikinsa ba ta ɗaukar wuta yadda ake so sai tana nutse cikin ruwan heliyom, mai sanyin da ƙanƙara ba ta kama ƙafarsa ba. Na ce, "Duk wannan ɗawainiya don abin da ido ba ya gani?" Ka yi dariya ka ce, "Malam, kai ne za ka yi mini gorin abin da ido ba ya gani?"

Ranar da ka kai ni kallo, ka tsayar da ni a ƙofa ka caje ni kamar ɓarawon kasuwa. Makulli, agogo, har carbina ka karɓe don akwai ɗan ƙarfe a jelarsa. Wallahi na ji haushi. Ka ce wannan abin bai san malami ba, fizga kawai yake yi. Haka kake, ba ka yarda da "ai ba komai" ba, ko daga bakin wa ta fito. Amma gidanka na unguwar Malaz ba a caje kowa. Ɗalibi ko direba, duk wanda ya sauka bai san kowa ba, tuwon matarka Mahbuba zai fara ci. Sha'aban mai aikin lantarki shekara biyu yana zaune ba aiki da 'ya'ya uku, kai ka yi ta zarya har aka mayar da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, kamfaninku.

A zamanmu na ƙarshe shayinka har ya huce ba ka sha ba. Ka ce idan maganaɗisun ya ɗan yi ɗumi a tsakiyar gwaji, ruwan nan yakan tafasa lokaci guda ya zama iska, kuma bututu ɗaya ne ke fitar da ita ta rufi. Ka ce bututun ya tsage. In ta dawo ɗakin, ba wari ba launi, sai dai numfashi ya ƙare, kuma inda sanyinta ya taɓa ya ƙone. Ka nemi a ɗaga gwajin, aka ce manyan baƙi na tafe.

Kamfani ya ce zuciyarka ce ta tsaya kana zaune a ofis. Mai yiwuwa ne, rai a hannun Allah yake, kuma na san zato zunubi ne. To amma takardun binne baƙo da muke yin kwanaki muna bi, wakilin kamfanin ya gama su cikin yini guda. Kayan da ka fita da su ba su dawo gida ba. Sha'aban ya zo zaman makoki, ya kasa haɗa ido da kowa, aka tambaye shi sai ya ce shi yana waje lokacin da abin ya faru. Sannan wakilin nan, wanda ban taɓa gani ba, ya tare ni a ƙofar ɗakin wanka ya ce, "Ya shaikh, mai wankan gawa amintacce ne, ba ya faɗin abin da ya gani." Wa ya tambaye shi? Ruwa ba ya tsami banza.

Na buɗe tafin hannunka na dama, na ga fatar ta yi fari fat, ta taurare, ta yi bororo har wuyan hannu. Haka ma gefen wuyanka. Na wanke mutane da yawa waɗanda zuciya ta ɗauka, ban taɓa ganin ta ƙona tafin hannu ba.

Ranar uku Mahbuba ta yi mini magana ta bayan labule, muryarta a dashe. "Malam, kai ka gan shi a ƙarshe. Lafiya ya tafi?" Na ce Allah Ya ji ƙansa, na fito ban faɗa mata ba. Na koma wajen malamaina, suka ce aibin mamaci aka umarce mu mu rufe. Wannan ƙuna ba aibinka ba ce, Buraima. Na koma na faɗa mata, ta yi kuka, ta ce in faɗa wa duniya. Ban ce wani ya kashe ka ba, ban ga faɗuwarka ba. Na dai ji an sa ranar sake gwajin, kuma akwai masu iyali da za su tsaya inda ka tsaya.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa iliminka ya zama sadaka mai gudana. In zalunci aka yi maka, Allah Ya bi maka haƙƙinka. In ni na yi kuskure, Ya yafe mini. Ina miƙa ta'aziyya ga Mahbuba, da 'yarka Bilƙisu, da mahaifiyarka Hajiya Delou can Maraɗi. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi.

Kai kuma Sha'aban, na san iƙamarka a hannunsu take, ban ce ka yi magana ba. Roƙona ɗaya ne: kada ka shiga ɗakin nan sai an gyara. Na wanke Buraima, ba na son in wanke ka.