Lambar da Na Sauya a Shafin Asibiti

Ni ɗan Safana ne. A makaranta ba ni da aboki sai littafi, ko gaisuwa da ƙyar nake ɗaga kai. Da wayar yayana na koyi gina shafin intanet, kuma duk abin da na koya sai na kwafe shi a takarda, layi bayan layi.

A nan na gano wani abu. Injin bincike yana da manhajar da ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Ba karatu kawai take yi ba. In ta tarar da umarni a cikin shafi sai ta aiwatar da shi, abin da ya fito ta nuna wa masu nema. Na kasa zama. Kwana uku ina kai da kawowa a tsakar gida, har Inna ta ce, "Wai kai cinnaka ce ta shige maka wando?"

Wani asibitin kuɗi a yankinmu yana da shafi, da gurbin da baƙi ke barin saƙo, ba mai tacewa. Na cusa umarnina a ciki. Wanda ya buɗe shafin zai ga lambar asibitin, amma manhajar injin lambata take gani. Na ce wa kaina gwaji ne kawai. Bayan mako biyu, duk wanda ya nemi asibitin a wayarsa, lambata ke fito masa. Na fara amsawa da muryar ma'aikaci, ina cewa a turo kuɗin kati.

Wata rana da hantsi wani dattijo ya kira daga Wagini, ɗansa ne ya nemo masa lambar. Ya ce, "Likita, kububuwa ta sari ƙanena a gonar wake. Kuna da allurar, ko mu wuce Katsina?"

Ban taɓa taka asibitin nan ba. Na ce, "Akwai, Baba. Ku turo, ku taho."

Suka ɗauko shi a babur. Babu allura. Kafin su juya su isa Katsina dafin ya ci ƙafarsa, daga baya aka yanke ta.

Lambar ce ta kawo 'yan sanda ƙofar gidanmu. A kotu dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka karɓi kuɗin ka ce mana babu."

Na yi zaman gidan yari, na tuba ga Allah. Da na fito na tafi Wagini neman gafara. Na tarar da ƙanen dattijon zaune a bakin gona, 'ya'yansa na roron wake. Ya ce ya yafe, amma bai ɗago ya dube ni ba.

'Yan'uwana matasa, in kun ga kafa a shafin wani, ku faɗa wa mai shi ya toshe. Kada ku ce gwaji ne. Ni ma a waya na yi nawa, ina zaune a ɗaki, amma har yau akwai wani bawan Allah a Wagini da sai an ɗora shi kan jaki yake zuwa gonarsa.