Maɗacin Yaya Sule a Bakin Iyaka

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sule, malamin daji a wani gandun gwamnati da ke kan hanyar Kuta. Ni tela ne a Minna, karatuna bai wuce firamare ba, amma duk ranar da na ji rediyo na maganar kuɗin da aka ware wa gandun daji, sai in ajiye almakashi in kasa kunne kamar da ni ake.

Babu abin da Yaya ya fi kula da shi kamar iyaka. Kafin damina yakan bi duwatsun iyakar gandun ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu farar ƙasa, don manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya. Wata shekara kuɗin aikin bai zo ba, babu lebura, sai ya ce in raka shi. A nan muka tarar an tone dutse ɗaya an tura shi cikin daji, wajen kunyar noma ashirin. Hankalina ya tashi.

Na ce, "Yaya, idan kowa ya ci kunya ashirin fa? Kuma a ce kai ka sayar?"

Ya yi dariya. "Kai dai Garba, damuwa ce tuwonka. Dutse ake ɗagawa. Je ka ɗaga maɗaci in gani."

Daga daminar nan ya fara dasa maɗaci a gindin kowane dutse, da rani yana kai masa ruwa a kan keke.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Masu gawayi sun yawaita, wanda ya gaje shi kuma ya gaya mini kuɗi kan zo bana, baɗi shiru. Na san zai yi tsaki, sannan ya ce da babu gara ba daɗi.

Makon jiya na shiga motar Kuta zuwa gandun, don na daɗe ina tsoron in tarar gonaki sun cinye aikinsa. Duwatsu da yawa sun ɓace. Amma itatuwan na nan a jere, gonakin doya sun tsaya cak a gindinsu. Wani dattijo da ke hutawa a inuwa ya ce mini, "Nan ce iyaka, Malam. Ko makaho ya san ta."

Na ƙirga itatuwan sau biyu, don ban yarda da ƙirgen farko ba. Abin da mutum ya shuka shi ke tsaya masa. Allah ya jiƙan Yaya, ya ba shi inuwar da ta fi wannan.