Farar Motar da Ta Tsaya a Layinmu

Shekarun da na yi ina ɗinki a unguwar Kagarawal cikin garin Gombe, shagona a jikin gidanmu yake, ƙofarsa tana kallon layi. Tsallaken layin gidan Baba Hedimasta ne, tsohon shugaban makarantar firamare, mutumin kudancin Gombe. Shi da matarsa, wadda kowa ke kira Mama, sun riga mu zama a unguwar da daɗewa. Mama ce ta karɓi haihuwar 'yata ta fari, ranar da ruwa ya cika hanya aka rasa motar zuwa asibiti. Tun daga nan ba na yi musu kallon maƙwabta, iyaye na ɗauke su.

Baba mutum ne mai son rediyo. Akwai shirin safe da masu sauraro ke bugo waya su faɗi damuwarsu, shi kuwa da wuya mako ya wuce ba a ji muryarsa ba. Yau ya yi maganar famfo, gobe ta bola. Da yamma kuma dattawan layin su taru a kan bencin ƙofar gidansa a maimaita abin da ya faɗa, ana musu ana dariya. Ina jin su daga shago. Wani lokaci nakan ɗaga murya in jefa tawa, Baba ya ce, "Kun ji ko? 'Yata ma ta goyi bayana."

Bayan unguwarmu akwai kwari, wanda duk damina sai ya ƙara faɗi ya ci katangar wani. A wata shekara manya suka zo da motoci, aka kafa allon aikin gyara a bakinsa, aka ɗauki hotuna, aka watse. Damina ta zo ta tafi ba a ga ko shebur ba. Sai Baba ya buga waya gidan rediyo ya ce allon ma ya kusa faɗawa kwarin, don haka waɗanda suka kafa shi su zo su ɗauki abinsu kafin ruwa ya tafi da shi. Ya ambaci muƙamin wanda ya yi jawabi a ranar. Abin da ya faɗa ke nan, babu zagi a ciki. Ranar dattawan benci sun sha dariya har da tafa hannu.

Ba a daɗe ba muka wayi gari da wata farar mota a gindin dogon yaron da ke farkon layi. Gilasanta baƙaƙe ne, babu lamba a bayanta. Na ɗauka baƙo wani ya yi. Azahar ta yi tana nan, la'asar ta yi tana nan. Ba wanda ya fito, ba wanda ya shiga. Injinta kuwa a kunne yake, wani siririn gurnani da ba ka jinsa sai in ka tsayar da abin da kake yi. Kafin magariba ta juya a hankali ta tafi. Washegari ta dawo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda babu wanda ya ce mana mu daina komai, amma muka daina. Mai ƙosai ta matsa da kaskonta can ƙarshen layi. Mata masu kawo mini ɗinki suka koma zagayowa ta lungun baya. Akuyoyi ne kawai ke zuwa su kwanta a inuwar motar. Dattawan benci ba su fasa zama ba da farko, sai dai hirar ta koma ta zafin rana da tsadar taki. Baba kaɗai ne bai sauya ba. Wata rana ma na gan shi ya ɗebi ruwan sanyi a kofi ya nufi motar, ya ƙwanƙwasa gilashi, ya tsaya yana jira. Ba a sauke ba. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a baƙin gilashin, sannan ya zuba ruwan a gindin bishiya ya dawo.

Ranar da suka tafi da shi, hantsi ne, rana fes, kowa na gani. Mutum biyu ne cikin kaftani, ba kaki ba bindiga. Suka yi sallama, suka gaishe shi cikin ladabi, har ɗayan ya ɗan rusuna.

"Baba, oga ne ke son ganinka. Yanzu za ka dawo."

"Wane ogan?"

"In mun je za ka gani."

"To bari in sa takalmi."

Ya sa takalminsa, ya gyara tabarau. Da zai wuce ya leƙo shagona ya ce, "'Yata, ki faɗa wa Mamanki in ta dawo kasuwa, abincina a rufe mini." Na buɗe baki in tambaye su ko su wane ne, sai na ga ɗayan yana kallona yana murmushi, irin murmushin wanda ya san ka. Na koma kan kekena ban tambaya ba.

Bai dawo ranar ba. Mama ta shiga yawo ofis ofis. Nan a ce ba ya wurinsu, can a ce ba su san da maganar ba, wani wurin ko ƙofa ba a bari ta wuce. Jauro, mai unguwarmu, ya ce a yi haƙuri, zai bincika, amma muryarsa ƙasa ƙasa yake maganar, yana waige. Wani lauya ɗan cocinsu ya zo ya zauna a tsakar gida ya yi mana bayani cewa doka ba ta yarda a riƙe mutum haka ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Mama ta ce, "To ɗana, a je a faɗa musu mana." Ya ce, "Mama, matsalar ita ce wa za a faɗa wa. Kowa ya ce ba shi ne ya ɗauke shi ba."

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne. Ya ce in rage tsallaka layi, idanu sun yi yawa. Ban yi masa musu ba, ban kuma daina ba. Kullum ina kai wa Mama abinci, in tarar da ita zaune kusa da kwanon Baba da ta rufe. Motar kuwa ba ta daina zuwa ba. Wannan ne ya fi ba mu tsoro. In sun riga sun sami wanda suke nema, me kuma suke jira?

Bayan makonni, wata yamma, sai ga Baba yana tahowa a ƙasa daga bakin titi, a hankali, hannunsa ɗaya riƙe da ƙugun wando don kada ya zame. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suka tsaya. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya ruga. Mama ce kawai ta fito ba ɗankwali ta riƙe shi. Duk wanda ya je gaisuwa amsa ɗaya yake samu: "Lafiya lau. Ba wanda ya taɓa ni. Sun ba ni abinci." Aka duba jikinsa, babu tabo ko ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo shagona da wanduna biyu, ya ce in rage masa ƙugu. Ya zauna a kujerar masu jira. Na ɗauko tef zan auna shi, sai ya ce, "Taka kekenki, 'yata. Kada ki tsaya. Zan faɗa miki wata magana."

Na ɗora wani ƙyalle na shiga takawa. Cikin ƙarar keken ya matso ya soma.

Ya ce ɗaki ne mai tsabta, da kujera da tebur da fanka. Kullum a zaunar da shi, a kunna masa murya. Ranar farko maganarsa ta rediyo aka kunna, bai damu ba, don duniya ta ji ta. Washegari sai ya ji hirar benci, muryar kowa raɗau, har da tarin wani dattijo. Daga baya kuma aka kunna masa wata magana da suka yi da Mama a tsakar gida, su biyu, a kan ɗansu da ya rabu da matarsa, maganar da ko fasto ba su faɗa wa ba. Har addu'arsa ta cin abinci ya ji.

"Me suke tambayarka, Baba?"

"Kusan ba komai. Su kunna, su zauna suna kallona ina jin kaina. In ya ƙare su ce, muryarka ce? In ce tawa ce. Shi ke nan, a mayar da ni."

Na tsayar da keken. Ya nuna mini da hannu in ci gaba.

"Akwai wurin da kika yi dariya," in ji shi. "Kika ce allon ya fi su kunya, shi ya sa ya sunkuya. Suka tsayar a nan suka ce, wace ce wannan? Na ce ban gane muryar ba. Sai ɗayan ya ce, ba komai Baba, mun san ta, mai ɗinki ce."

Allurar ta karye. Shagon ya yi tsit, kuma daga farkon layi ina jin gurnanin injin nan.

Ban faɗa wa kowa ba sai maigidana, amma magana ta fita ta wata hanyar. Unguwa ta shiga tambayar da ba ta da amsa: ta ina aka ɗauki muryoyin? Wasu suka ce daga cikin motar ne, akwai na'urar da ke jin magana ta bayan katanga. Wasu suka ce wayar wani ce daga cikin 'yan benci. Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya suka koma kallon aljihun juna. Akwai wani mai gyaran fanka da ya kama haya a layin ba da daɗewa ba. Zargi ya faɗa kansa, aka daina amsa sallamarsa, aka daina ba shi aiki, har ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Hammadu Kafi. Har yau ban ga abin da ya nuna yana da hannu ba. Baba ya je har can ya ba shi haƙuri a madadin unguwa. Shi Baba a ganinsa ta wayarsa ta kansa aka ɗauka. Ya cire batirin, ya naɗe ta a leda, ya ba Mama ta ajiye a buhun masara.

Wata safiya motar ba ta zo ba, kuma ba ta sake zuwa ba. Sai dai mu ba mu dawo yadda muke ba. Bencin ya zauna babu kowa har Mama ta shigar da shi ciki tana shanya kuɓewa a kai. Ni kaina na lura ko a ɗaki nake da maigidana, in magana ta zo kan hukuma sai in ji muryata ta yi ƙasa da kanta. Baba ya ci gaba da sauraron shirin safe, rediyon a kan cinyarsa, leɓɓansa na motsi in an faɗi abin da bai yarda da shi ba.

Daga baya suka sayar da gidan suka koma garinsu. A can ya rasu, na shiga mota na je jana'iza. Bayan an fito daga coci ina tsaye a inuwa da sauran Musulmin da suka zo, sai wani mutum mai matsakaicin shekaru, cikin shuɗin yadi, ya matso ya gaishe ni.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Ya ƙafar taki, ta daina kumburi?"

Na ce da sauƙi, ko da yake ban san shi ba.

"Madalla. Yarinyar taki ta samu makarantar jinyar kuwa?"

Na ce ta samu. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ɗan rusuna, ya shige cikin jama'a.

Da na shiga wurin Mama na kwatanta mata shi, tsayinsa da kayansa da hularsa. Ta kira ƙannen Baba, ta kira 'ya'yanta. Babu wanda ya san shi a dangi, kuma 'yan cocin suka ce sun ɗauka tare muka zo daga Gombe.