Darasin Da Na Tsallake Saboda Surukata

A lokacin ni sabon ango ne, malamin Turanci a wata sakandare a cikin garin Birnin Gwari, ina jin babu ya ni. Aka turo wa asibitin garinmu likita ɗan bautar ƙasa wanda ko sannu bai iya da Hausa ba, sai aka roƙe ni in riƙa koya wa unguwarzomomin ƙauyuka Turancin ciwo da sassan jiki, don su iya yi masa bayani in sun kawo mai naƙuda. Na karɓa da rawar jiki. Ranar farko ina ɗaga kai sai ga surukata, ita ma unguwarzoma ce, a sahun gaba, ta taso tun daga Kuyello. Matar da nake durƙusawa in gaishe ta, ko idonta ban taɓa kallo ba.

Kai da wuya da zazzaɓi da tari duk mun haddace su. Amma da muka iso kan mahaifa da mabiyiya da jinin haihuwa, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Ta yaya zan fassara waɗannan a gabanta? Kullum sai in ce gobe. Wata tsohuwa ma ta zolaye ni, wai su ba masu tari suke kawowa asibiti ba, aka yi dariya, na share gumi na wuce.

Da cikin matata ya tsufa ta tafi goyon ciki gidansu. Ranar da ta haihu ina Kaduna, an tare hanyar daji, babu motar da ke shiga. Jini ya ɓalle mata, aka kawo ta asibiti a kan babur, ma'aikaciyar da ke yi wa likitan tafinta kuma ba ta nan. Surukata ta san abin da ya faru sarai, mabiyiya ta fita amma wani yanki ya maƙale a ciki. Abin da ke bakinta na Turanci kuwa ciwon ciki ne da zazzaɓi. Ta yi ta nuni da hannu har ta gaji, sannan ta sa aka kira ni. Ina tsaye a tasha, waya na yankewa, ina kai-komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Da bakinta ta faɗa mini komai dalla-dalla, ta ce in ajiye kunya in gaya wa likita, 'yarta na tafiya.

Matata ta rayu, jaririyarmu ma haka, amma sai da aka cire wa matata mahaifa. Likita ya ce jinkirin bai taimaka ba. Surukata ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun ne ya hana ni sukuni har yau.

Kunya ado ce, ban musa ba, amma ba a ajin koyon lafiya ba. 'Yan'uwana malamai, in ba za ku iya faɗa ba, ku nemo wanda zai iya, kada ku ce gobe. 'Yata ta fara tambayata yaushe za a haifa mata ƙani.