Kalmar da ta kai ni gidan kaso

Shekarata ta biyu ke nan a Treichville ina ɗinkin takalma, sai buƙatar zuwa Bassam sayen fata ta kama ni. A zamanin ba a tafiya sai da takardar izini, don haka na haye gada na nufi biro, wato ofishin Nasaran Faransa.

Muna cikin layi Nasaran da ke sa hannu ya fito. Na yi abin da aka koya mini a gida: na tuɓe takalma, na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe." Hulata kuwa tana kaina, don a wurinmu mahaukaci ne ke tsayawa gaban babba kai ba hula. Ashe su a wurinsu cire hula ne girmamawa. Nasara ya dube ni, ya juya wajen tafintansa ya yi tambaya.

Tafintan nan ɗan garinmu ne. Tare muka yi kiwon awaki kafin a kai shi lakwal, makarantar Nasara. Ya san abin da durƙusona yake nufi kamar yadda ya san sunan uwarsa. Magana biyu ta isa ya fitar da ni. Amma sai ya gyara wuyan kwat, ya ɗaga hanci, ya ce da Faransanci, "Irrévérence, mushe," don da "mushe" suke kiran Nasara, kamar a ce yallaɓai. Nasara ya rubuta. Kwana takwas na yi a gidan kaso ina sharar titi.

Da na fito na tare shi a bakin kasuwa.

"Ɗan'uwa, me na yi?"

"Irrévérence ka yi."

"Na ji. Mece ce ita da Hausa?"

Ya yi murmushin nan na wanda ya iya cin abinci da cokali mai yatsu. "Babu ita a Hausa. Kalmar wayayyun mutane ce."

Ranar Juma'a na tafi Adjamé wurin wani tsohon malami da mutanenmu ke kai wa matsala, na kwashe labari na gaya masa. Ya sa aka kira tafinta. Tafinta ya zo a makare, yana duba agogon aljihu, wai mu san lokacinsa da tsada.

Malam ya ce, "Yaro, fassara mana. Raini ne?"

"Ya fi haka, malam."

"Fitsara ce? Tsaurin ido? Rashin kunya?"

"Duk ba su kai ba."

"To, bayyana mana da baki."

Ya yi ta kame-kame, yana cusa Faransanci duk inda Hausa ta ƙare masa. Daga ƙarshe abin da ya fito shi ne ƙin girmama wanda ya kamata a girmama.

Malam ya ce, "Rashin ladabi ke nan. Kakarka ta san shi. Kuma mai rashin ladabi sai ya yi niyya. Wannan ya yi niyyar raina Nasara?"

"A'a."

"Ka gaya wa Nasaran haka?"

"Ba a tambaye ni ba."

Ni dai ban taɓa jin amsar da ta fi wannan arha ba. Mutum ya ci shekaru a lakwal, ya haddace kalma mai gaɓa huɗu, bai samo mata aiki ba sai ɗaure abokin kiwonsa don a ce ya iya. Malam bai zage shi ba. Ya dai juya ya ci gaba da magana da wani, ya bar shi tsaye har ya gaji ya fita.

Labarin ya bazu, kalmar ta faɗa bakin matan gidan da nake haya, suka murɗe ta ta koma "ireberas". Akuya ta sa baki a tukunya, ireberas. Yaro ya yi tusa a gaban baƙi, ireberas. In tafinta ya ratso unguwa, sai ka ji wata ta daka wa kazarta tsawa da ita, sauran su fashe da dariya. Ya daina bi ta layinmu.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka soke dokar da ke ba Nasara ikon ɗaure mutum ba shari'a. An sauya Nasaran, sabon ya zo da nasa tafinta, namu ya koma rubuta wa mutane wasiƙa a bakin tasha. Wata rana ya aiko mini da takalmansa a sa musu sabon ƙasa. Na gyara, don sana'ata ce, amma da fatar da ta fi kowace tauri a shagon, wadda za ta ci masa ƙafa.