Na'urar Raba Sautin da Mai Kemis Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina Mai Kemis bayan gajeriyar jinya. Ban yi niyyar rubuta komai ba, aboki. Amma na zauna wurin gaisuwa na ji mutanen da ba su taɓa zama a falonka ba suna kaɗa kai suna cewa, "Allah sarki, mutumin kirki ne, sai dai son wayoyi." Su suka sa na ɗauki biro.

Ba su san don wa ka shimfiɗa wayoyin ba, ba su kuma taɓa tambaya ba. Tun da kunnen maiɗakinka ya fara mutuwa, likita ya ce siririn sauti ya tafi, sai mai kauri ya rage mata kaɗan. Na'urar kunne ta riƙa sa mata ciwon kai, ta jefa ta a durowa. 'Ya'yanku suka koma daka mata tsawa, kamar ƙarfin murya shi ne magani. Da suka gaji sai suka daina yi mata magana. Kai kuwa ka tuna ɗan abin da muka karanta a kan sauti a makaranta, karatun da ni bai kai ni ko'ina ba.

Rediyon falonku yana da bes, irin wanda jahilai ke so, mai girgiza gilashin taga ya haɗiye magana. Sai ka sayo ƙaramin akwatin nan na dijital da masu sana'ar ke kira kurosoba. Aikinsa raba sauti tun kafin ya shiga amfilifaya, na'urar da ke ƙara masa ƙarfi: mai kauri ya bi tasa hanyar zuwa babbar lasifika, siriri ya bi tasa zuwa ƙananan. Na gan ka da furfurarka kana rarrafe a kan kafet da makirufo a hannu, kana matsar da babbar lasifikar taku ɗaya, ka saurara, ka mayar. Ka gano inda ɗakin kansa ke gunji ka rage shi. Ka sa wa ƙananan ɗan jinkiri don sautin duka ya isa kujerarta a tare. Ba ka rubuta komai ba, duk saitin yana cikin ƙwaƙwalwar akwatin.

Ina wurin ranar da aikin ya yi. Ka kunna labarai, ta kasa kunne, can ta juyo ta ce, "Wai mai karatun nan mura yake yi?" Mura kuwa yake yi. Ka fita tsakar gida ka daɗe wai kana duba famfo.

Ko telan da ke jikin bangonku ya san halinka. Da ya zo yana kumfar baki wai kwanukansa na rawa, sai ka bi shi ɗakinsa ka tsaya ka ji da kunnenka, ka dawo ka datse can ƙasan sautin. Jiya na ga telan yana share hawaye a ƙofar gida. Nasa kukan na yarda da shi.

Yanzu bari in gaya maka abin da aka yi bayanka. Ranar addu'a, babban ɗanka mai ɗakin taro da surukinka mai sayar da wayar hannu, wanda ba ya amsa kira sai an ce Injiniya, suka tuge wayoyin don su haɗa wa liman makirufo a waje. Da aka watse suka zo mayarwa. Wayar sauti mai kauri suka cusa wa ƙananan lasifiku, suka ƙure murya. Ƙara ɗaya aka ji, sai ƙauri ya cika falon. Kowane mai hankali zai tsaya a nan. Injiniya ya ce laifin akwatin ne, saitin tsoho ya rikice, bari ya mayar da shi yadda ya fito daga kamfani.

Na ce, "Ɗan nan, ɗauke hannunka daga maɓallin nan."

Ya ce, "Baba, ka huta. Wannan ba rediyo mai batir ba ne."

Ɗanka ya yi dariya ya ce, "Ƙyale Baba, shi da marigayi duk kanwar ja ce."

Injiniya ya danna ya riƙe har fitilar ta ƙifta. Aikin da ka ba ragowar shekarunka ya tafi, shi kuma ya karkaɗe hannu yana jiran a yaba masa.

Washegari na koma. Na ce wa maiɗakinka ta ba ni dama, in nemo wasu ƙananan lasifiku, in gwada ko zan tuna hannunka. Na kunna mata labarai da abin da ya rage. Ta saurara iya saurare, ta ce, "Malam, ruri kawai nake ji." Na matso kusa da kunnenta na ce sannu a hankali za mu kai. Ta girgiza kai. "Bar shi. Shi da yake yi, fuskata yake kallo, ba akwatin ba. Ka ce wa yaron ya zo ya kwashe, dama yana so."

Yana so kuwa. Kafin azahar mota ta zo. Babbar lasifikarka yanzu tana ɗakin taro tana girgiza ƙirjin 'yan biki, an ce har an yaba ƙarfinta.

Allah Ya jiƙan ka, Mai Kemis. Allah Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, Allah Ya ba ta haƙuri da juriya. Ina miƙa ta ga 'ya'yanka da surukai da jikoki, tunda haka aka saba. Su kuma roƙona gare su ɗaya ne: in kun shiga gaishe ta, ku zauna kusa da ita, ku fuskance ta, ku yi magana a hankali da kaurin murya. Ba ya buƙatar injiniya. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.