Tabarau Uku a Akwatin Dada

Jiya na buɗe tsohon akwatin marigayiya mahaifiyata a gidanmu na unguwar Makama, sai ga tabarau uku a naɗe cikin ɗankwalinta. Na zauna a ƙasa ina jujjuya su.

Ni na saya mata su, zamanin Jihar Arewa Maso Gabas, ina sabon akawu. Idonta na hagu kan yi ja, ya yi ta zubar da ruwa, ko hasken rana ba ta iya kallo. Sai ya lafa, bayan 'yan watanni ya dawo.

Na hana a ɗiga mata ruwan ganye, wai ni ɗan boko. Na riƙa kai ta Jimeta wurin wani mai gwada tabarau, don kawai na gan shi da farar riga. Duk dawowar ciwon, sabon tabarau.

Ranar da muka samu likitan ido na gaske, ya haska ya ce gyambo ne a saman ƙwayar idon, duk tashinsa yana barin tabo. Hakiya ta riga ta rufe shi.

A hanyar gida na ce, "Dada, ashe tabarau ɗin nan ba sa yi miki komai, kika yi shiru?"

Ta ce, "Na ga kana murna in na sa, ɗan nan. Ni zafi nake ji, ba rashin gani ba."

Har ta koma ga Allah da ido ɗaya take ganina.

In ciwon ido yana dawo muku, ku tambayi mai farar rigar: gilashi yake gwadawa, ko ciwo yake dubawa? Ni ban tambaya ba. Ku fa, kun taɓa tambaya?